Robar Haƙorin Mai Labarai

Shafi na 17

Masu cika min waya da "ina shafin yau?", ku sassauta min don Allah, hannu biyu gare ni kamar kowa. Ke kuma da kika rubuto cewa Auta munafuka ce a kore ta daga gidan, na ga saƙonki. Ki riƙe bakinki tukuna.

*

"Buɗe da kyau."

Mai Labarai ta wage baki, fitilar saman kujerar na dallare mata ido. Sunan da unguwa ta liƙa mata ke nan tun ranar da aka fara jin muryarta a rediyo tana karanta labaran yamma, har wasu sun manta tana da wani sunan.

Likitar haƙorin ta zura ɗan madubinta ta leƙa, ta taɓa haƙoran gaba biyu da yatsa, sannan ta ja kujerarta baya tana girgiza kai.

"Sun motsa."

"Sosai?"

"Sosai mana. Ke ba ki ji a harshenki?"

Tana ji, yo ina za ta ƙi ji? Tun da gari ya waye harshenta ke komawa wurin yana laluben 'yar ƙofar da ta sake buɗewa.

Da wushirya aka haife ta, mai faɗi, irin wadda mutane ke cewa kyau ce. To kyau a ido daban, a gaban makirfo daban. Duk kalmar da ta ja iska ta tsakanin haƙoran nan sai ta fita da wani siririn fito kamar na ɗan tsuntsu. A hira babu mai lura, amma makirfo ba ya rufa wa kowa asiri. Saboda fiton nan aka ajiye ta a ɗakin rubutu tana rubuta wa wasu labarai suna karantawa, ita tana leƙensu ta gilashi. Shekaru ta yi da wayar gyaran haƙori a baki tana shan azaba kafin wushiryar ta haɗe, sannan aka ba ta kujerar. Ranar da aka cire wayar Likita ta yi mata roba daidai bakinta, siririya mai kama da gilashi, wadda ke hawa kan haƙoran ta riƙe su kada su koma gidan jiya. Ta ce wushiryarta mai taurin kai ce, ta sa robar dare da rana, har a gaban makirfo, cin abinci kawai ke raba su.

"Ta nawa ke nan kika ɓatar?" Likita ta tambaya tana cire safar hannu.

"Ta uku."

"Ta uku! Baiwar Allah, haɗiye su kike yi?"

Mai Labarai ba ta yi dariya ba.

"Likita, ba ni ke ɓatarwa ba. Ɗaukewa ake yi."

"Wa zai ɗauki robar bakin wani? Ba ta shiga bakin kowa sai naki. Ko ɓarawo ya tsince ta sai ya jefar."

"Ni ma abin da ke cina ke nan."

Ta tashi zaune, ta gyara mayafinta.

"Ki yi min wata yau. Don Allah. Ko nawa ne."

"Ba maganar nawa ba ce. Sai na sake gwada bakin, in aika wa masu ƙerawa, su kuma sai wani satin. Kuma ki ji da kyau, in na gwada yau, yadda haƙoran suke a buɗe ɗin nan zan gwada. Sabuwar za ta riƙe su ne a inda suke, ba za ta mayar da su ba."

"To me zai mayar da su?"

"Tsohuwar, in kin same ta da wuri. Yau za ta iya shiga da ƙyar, za ki ji a jikinki. In aka ƙara kwanaki ko kin same ta ba za ta hau ba. Daga nan kuma sai waya."

"Waya kuma? Daga farko?"

"Daga farko."

Ta sauko daga kujerar, ko sallamar kirki ba ta yi ba.

Tana fitowa bakin titi wayarta ta ɗauki ƙara. Furodusa ne, mai zama bayan gilashi da abin ji a kunne yana sauraron ko numfashinta.

"Kina ina?"

"Asibitin haƙori."

"An dace?"

"Ba a dace ba."

Ya ja numfashi.

"Kin san ni ba na ɓoye miki magana. Jiya na rage, na ƙara, na murɗa duk abin da ke murɗuwa a na'urar nan, fiton bai ɓuya ba. Manaja ya ji a motarsa. Ya ce yau da kansa zai zauna kusa da ni. In ya sake ji, ki koma ɗakin rubutu, sabuwar yarinyar nan ta hau kujerar."

"Haka ya ce?"

"Har ya sa ta karanta gwaji da safe. Ni dai na faɗa miki. Ki zo da robarki a baki."

Ya kashe.

Ta tsaya riƙe da wayar, motoci na wucewa, wani mai babur na yi mata hon ta matsa. Ranta in ya yi dubu ya ɓaci. Mutum ɗaya ke yawo a kanta, kuma wallahi yau sai an yi ta ta ƙare.

*

Auta na tsaye a falo tana guga, kayan Baba ne jibge a kan kujera. Ita ce ƙanwarta, su biyu kawai Mama ta bari. Tun da ciwon suga ya cinye wa Baba ido Auta ta dakatar da karatunta ta zauna da shi. Ta ɗago da fara'a.

"Yaya, har kin dawo? Me Likita ta..."

"Ina robata?"

Fara'ar ta ɗauke.

"Yaya, mun sake komawa nan?"

"Ba mu taɓa barin nan ba. Ina robata?"

"Na ce miki ban gani ba."

"Shekaranjiya a teburin can na cire ta, na sa a ɗan kwalinta, na ajiye kusa da kofina. Na tashi amsa waya, na dawo babu. Mu uku ne a gidan nan. Baba ba ya gani. Aljani ne ya ɗauka?"

Auta ta kifa dutsen gugar a kan wuyan riga.

"Magana nake miki!"

"Ina jinki."

"Ta farko wa ya zubar?"

"Ni ce. Kuma na ba ki haƙuri har na gaji. Ke kika naɗe ta a takardar goge hannu kika ajiye a gefen faranti, ni na ga shara na kwashe. Wannan kuskure ne, kowa ya sani."

"Ta biyun fa? Ita ma kuskure? Ta ukun fa?"

"Yaya, ki rage murya, Baba na ɗaki."

"Ya ji! Gara ya ji irin 'yar da yake zaune da ita."

Ta wuce fuu ta banka ƙofar ɗakin Auta. Ta janyo aljihun madubi ta zazzage, ta ɗaga katifa, ta ciro jakar makarantar da Auta ta rataye tun bara ta juye ta a ƙasa. Littattafai da biro da 'yan kunne suka watse. Auta na bakin ƙofa tana kallo, hannunta a naɗe.

"In kin gama ki mayar min yadda kika same su."

"Au, baƙar magana ma za ki faɗa min?"

"Ni na isa?"

Mai Labarai ta miƙe tana huci.

"Kina tsammanin ban sani ba? Na daɗe da gane ki. Baƙin ciki ne ke cin ki. Ni na fita duniya ta san muryata, ke kina nan tsakanin tukunya da dutsen guga. So kike in dawo mu zauna tare, ko ba haka ba?"

Kai, wannan magana ba ta yi daɗi ba, ni kaina mai ba ku labarin sai da na ji ta a ƙirji. Idon Auta ya kawo ruwa nan take, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Tsakanin tukunya da dutsen guga. Haka ne. Ni ke auna masa suga da safe kina barci. Ni ke yi masa allura. Ni ke yanke masa farce, ni ke riƙe hannunsa a layin asibiti. Yaushe rabonki da ki zauna ki yi hira da shi, ba 'Baba na tafi, Baba na dawo' ba? Kin san ma abin da ke damunsa?"

"Kada ki canza min magana. Robata nake tambaya."

"Ai kullum ita kike tambaya."

Tas!

Ita kanta Mai Labarai ba ta san lokacin da hannun ya tafi ba. Auta ta dafe kunci. Tun suna yara ba ta taɓa marinta ba sai yau.

"Ki ƙara," in ji Auta a hankali. "Ki ƙara, ni na ɗauka. Na ce ni na ɗauka, na jefa a shara. Shi ke nan? Hankalinki ya kwanta?"

"Ƙarya take yi."

Duka suka juya.

Baba ne tsaye a ƙofar ɗakinsa, hannu ɗaya dafe da bango, ɗayan riƙe da 'yar rediyonsa. Dogon mutum ne, tsohon kafinta, kusan duk katakon da ke gidan shi ya fere shi, shi ya sa yake yawo a ciki babu sanda. Idanunsa na kallon wani wuri sama da kawunansu.

"Baba, ka koma ciki," Auta ta ce da sauri. "Tsakaninmu ne, mun gama."

"Ba ku gama ba. Na ji ƙarar mari. Wa aka mara?"

Mai Labarai ta kau da kai gefe.

"Auta, zo nan."

Ta matsa. Ya lalubi fuskarta da tafin hannunsa, ya tsaya a kuncin da ya yi zafi.

"A kaina aka mare ki."

"Baba, don Allah..."

"Je ki ƙarƙashin gadona ki janyo min akwatin aikina."

"Baba, ka bari. Na riga na ce ni ce."

"Na ce ki ɗauko."

Mai Labarai ta dubi wannan ta dubi wancan.

Suka koma falo. Baba ya zauna a kujerarsa ta kan tebur, Auta ta dire masa akwatin a gaba tana sharar hawaye. Tsohon akwatin katako ne, duk ya yi baƙi da maiƙon hannu. Ya buɗe, ya ɗage tiren ƙusoshi, ya zura hannu ƙarƙashin su kurfi da guduma, ya ciro wani farin hankici a ƙulle. Ya kwance shi a kan tebur.

'Yan kwalaye biyu. Shuɗi da ruwan hoda.

Mai Labarai ta nemi kujera ta zauna.

"Baba?"

"Na'am."

"Kai ne?"

"Ni ne."

"A'a. A'a, Baba, rufa mata asiri kake yi. Ta yaya? Kai da ba ka..."

"Ba na gani. Faɗi, ba zagi ba ne. Amma ina ji. In kin cire ta kin rufe kwalin yana yin ƙas. Kullum a hagun kofinki kike ajiyewa. Teburin nan ni na yi shi, na san inda kowane abu ke sauka a kansa."

Ta juya ga Auta.

"Kin sani?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Ta biyun na gan shi. Na yi masa magana, ya ce in rufa masa asiri, ba zai ƙara ba."

"Kika bar ni ina zaginki wata da watanni?"

"To in ce miki me? In ce Baba ɓarawo ne?"

"Ai shi ne," in ji Baba. "Sunan abin ke nan."

Nan fa zuciya ta ɗebi Mai Labarai.

"Me na yi maka, Baba? Ka san azabar da na sha da wayar nan. Kai kake tashi ka jiƙa min tsumma in dasashina ya kumbura. Ka san shekarun da na yi ina leƙen kujerar nan ta gilashi. Yau Manaja ya ce in ya sake jin fiton nan na sauka. Aikina, Baba! Da bakinka ka sa min albarka a kansa. Me ya sa?"

Baba ya shafa rediyon da ke gabansa.

"Lokacin da ta farko ta ɓata, kin yi kwanaki babu ita kafin a yi miki wata."

"Na sani."

"Ina zaune a nan, Auta na kicin. Aka buga kiɗan labarai. Kika ce, 'Masu sauraro, barkanmu da yamma.'"

Ya juya fuskarsa wajen kicin.

"Sai na ji uwarku."

Ya matso da rediyon jikinsa ya ci gaba.

"Wushiryarki tata ce, kin sani. Muryar ma tata ce, amma ban taɓa ganewa ba sai da fiton nan ya dawo. Haka take yi. In ta ce 'sannu da zuwa' sai ka ji ɗan tsuntsun nan a ciki. Na sha tsokanarta, in ce ke da buta a kan wuta ban san wa ya fi wani ba, ta ce to in auri butar. Ranar nan ban san na miƙe ba. Sai ji na na yi a ƙofar kicin ina kiran sunanta."

"Ni na tare shi," Auta ta ce cikin kuka. "Na zaci sugansa ne ya faɗi."

"Ku kuna da hotunanta," Baba ya ci gaba. "Ga su nan a bango, na san inda na kafa kowace ƙusa. Kuna wucewa kuna kallo. Ni fa? In na shafa gilashi nake ji. Wayarta mai saƙonnin muryarta ta lalace, an ce ba a iya ciro komai. Fuskarta kuma... Babba, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Fuskarta ta fara ɓace min. Ina rufe ido in neme ta, sai in samu mayafin, in samu 'yan kunnen, tsakiyar babu. Matar da na zauna da ita tun ina saurayi."

Babba yake ce mata tun tana ƙarama. Ta toshe bakinta da hannu biyu.

"Da aka kawo miki sabuwar robar kika sa, kika yi magana, sai na ji uwarku ta tafi. Na daure. Wallahi na daure, na ce kai tsoho, ka ji tsoron Allah, abincin yarinya ne. Rannan kina cin abinci na ji ƙas a gefen hannuna. Ban shirya ba. Hannun ne ya tafi."

"Baba, da ka faɗa min."

"In ce me? Ki lalata haƙoranki don tsohon makaho ya ji daɗi? Da wane bakin?"

"Da na yi maka magana a gida yadda kake so. In cire ta in zauna mu yi hira."

Ya yi ɗan murmushi wanda ya fi kuka ciwo.

"Yaushe? Kina fita da ita a baki, ki dawo da ita a baki. In kin cire, cin abinci kike kina danna waya. A rediyo ne kawai kike yi min magana mai tsawo."

Wannan ta fi marin da ta yi wa Auta zafi.

Baba ya tura hankicin gabanta.

"Ga kayanki. Ban lalata miki ba. Ko ruwan zafi ban bari ya taɓa su ba, na ji kina faɗa wa Auta yana lanƙwasa su. Na zalunce ki, na sa kin zalunci ƙanwarki. Ku yafe min."

"Baba, ka daina."

"Sa abinki. Lokaci na tafiya, na ji makarantar bayanmu an tashi."

Ta kalli agogon bango. Gaskiyarsa ne. Ta buɗe kwalin ruwan hodar ta ciro robar, ita ce ta ƙarshe. Ta ɗauraye a kofin ruwa, ta ɗora a kan haƙoran ta danna. Ta ƙi. Ta sake dannawa da manyan yatsunta biyu, wani zafi ya tsarga mata har cikin hanci, hawaye ya zubo. Gefe ɗaya ya hau, ɗayan ya tsaya. Ta rufe ido ta danna da ƙarfinta.

Ta shiga.

Haƙoran gaban kamar ana matse su da filaya. Ta dafe tebur har zafin ya ɗan lafa.

"Ta hau?" Baba ya tambaya.

"Ta hau."

"Yi magana in ji."

"Baba..."

"Ba wannan ba. Yadda kike faɗa a can."

Ta dubi Auta. Auta ta girgiza mata kai, kada ki yi. Amma Baba ya riga ya karkato da kunnensa yana jira.

"Masu sauraro," ta ce, muryarta na karyewa, "barkanmu da yamma."

Tas maganar ta fita. Babu fito ko kaɗan.

Baba ya daɗe da kunnen a karkace, kamar wanda ke jiran sauran. Sannan ya gyara zama.

"Ya yi. Manaja ba zai samu abin cewa ba."

Ya ɗauki rediyon, ya tura eriyar ciki gaɓa-gaɓa har ta shige, ya naɗe igiyar a jikinta, ya miƙa wa iska.

"Auta, karɓi. Sa ta a saman kabad."

"Baba, labaran fa? Ba ka taɓa fashi ba."

"Kya faɗa min abin da aka ce."

Ya miƙe, ya dafa bango ya nufi ɗakinsa. A bakin ƙofa ya tsaya bai juyo ba.

"Allah ya ba da sa'a, Babba. Ki karanta da kyau."

Ƙofar ta rufe.

Mai Labarai ta matsa kusa da Auta, ta ɗaga hannu za ta taɓa kuncin da shatin yatsunta ya kwanta a kai. Auta ta ɗan ja baya.

"Auta, ni..."

"Je ki, Yaya. Za ki makara."

"Ki bari in..."

"Ba yau ba. Je ki."

*

Yadda ta isa tashar ita ma ba za ta iya faɗa ba. Ta dai tsinci kanta a ɗakin karatu, ƙofa mai nauyi ta rufe a bayanta, takardun labarai a gabanta, makirfo a saitin bakinta. Ta bayan gilashi ga Furodusa, ga Manaja kusa da shi ya harɗe hannu, abin ji a kunnensa. Can bayansu sabuwar yarinyar na tsaye da nata takardun a ƙirji, wai ko da za a buƙace ta.

Muryar Furodusa ta shigo mata kunne.

"Gwada min murya."

"Masu sauraro, barkanmu da yamma."

Ya ɗaga mata babban yatsa, har da dariyarsa. Manaja ya gyaɗa kai sau ɗaya.

"Kin ga abin da nake faɗa miki? Tas! Saura kaɗan, ki shirya. Kashe wayar nan."

Ta ɗauko wayar za ta kashe, sai ga saƙon Auta ya shigo.

"Yaya, ya fito. Ya hau kujera da kansa ya sauko da rediyon, saura kaɗan ya faɗi. Na ce ba ka ce ka fasa ba? Ya ce ko da wace murya ce, 'yarsa ce. Ya ja eriya, ya manna ta a kunne. Yaya, kuka yake yi."

Ta karanta, ta sake karantawa. Rubutun ya fara rawa a idonta.

Kiɗan labarai ya tashi.

Furodusa ya ɗaga hannu sama, yatsunsa a buɗe, ya fara naɗe su ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ga ta ajiye wayar. Ya ga hannunta ya tashi daga kan takardun ya nufi bakinta, farcenta ya kama gefen robar.

Dariyar ta ɓace daga fuskarsa. Ya danna maɓalli da sauri.

"Ke! Me kike yi? Sauke hannunki!"

Manaja ya warware hannuwansa ya matso jikin gilashin.

Jar fitilar fara watsa shiri ta kama.